Maƙeran Hoto: Yadda 'Ya'yan Maƙeran Zinariya Suka Kai Hotunan Coci Kasuwa

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu ƙetare teku ne zuwa ƙasashen Turai, mu koma baya fiye da shekara 500, zamanin da masana ke kira Zamanin Farfaɗowa, watau daga wajen 1400 zuwa 1600, lokacin da ilmi da sana'o'in hannu suka bunƙasa a Italiya da Jamus da ƙasashen Holan. Sana'a ɗaya za mu duba daga cikinsu, ita ce ta sassaƙa hoto a kan farantin jan ƙarfe a buga shi a takarda. Mafi yawan hotunan nan na addinin Kirista ne: Annabi Isa (AS), da Nana Maryamu, da mutanen da suka ɗauka waliyyai. Mu a wajenmu an san hukuncin suranta annabawa, kuma ba shi ne zancenmu na yau ba. Su kansu Kiristocin sun yi rigima a kai har da fashe-fashe, za mu zo wurin. Abin da ya sa muka ɗauko labarin shi ne, labari ne na sana'a da fatauci da rigimar tambari. Duk wanda ya taɓa ɗora huhun goro a mota da shaidarsa a jiki, ko ya tura shanu Kudu da lambarsa, zai gane inda gizo ke saƙa.

Kafin wannan zamani, hoto abu ne na coci da na masu hannu da shuni. Mai zane zai shekara yana fama da allo guda, da launuka masu tsada da ruwan zinariya, a ƙarshe a kafa allon a coci ko a fadar wani basarake. Talaka in yana son gani sai ya taka ya je can. Abin da ya fara canza wannan al'amari ita ce takarda. Daga Sin ta fito, ta biyo ta Samarkand da Bagadaza, ta shiga Turai ta hannun Musulmin Andalus, sa'an nan mutanen garin Fabriano na Italiya suka ƙware a kanta. A 1390 wani attajiri mai suna Ulman Stromer ya kafa masana'antar takarda ta farko a Jamus, a bakin birnin Nurembag. Af, tun da mun taɓo takardar Italiya: wanda ke da tsohon littafin hannu na gado a gida, ya ɗaga warƙa ɗaya ya duba ta a rana, mai yiwuwa ya ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta. Irin wannan takarda daga yankin Benis ake yin ta, ta ratso Sahara ta iso wa malamanmu, ko da yake wannan ya faru ne ƙarnoni bayan zamanin da muke magana.

Da takarda ta yi araha, sai aka fara buga hoto da katako. Ana zana hoton a kan allon itace, a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a bar layukan a tsaye, a shafa tawada a danna, kamar dai hatimi. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa masu ɗauke da shekara shi ne hoton waliyyinsu Kiristofa, na 1423, wanda aka samu manne a cikin bangon wani littafi a gidan masu zuhudu na Buxheim a Jamus, yau kuma yana wani ɗakin karatu a Mancesta ta Ingila. Kiristofa shi ne waliyyin matafiya a wajensu, kuma rubutun da ke ƙasan hoton yana yi wa wanda ya dube shi alkawarin ba zai yi mummunar mutuwa a wannan rana ba. Ka ga ke nan fatake da masu dogon zango su ne kasuwarsa. Irin waɗannan hotuna ana manna su a bango, ko a murfin akwati, ko a cikin littafin addu'a, har su yage a jefar. Shi ya sa an buga dubbai amma kaɗan ne ƙwarai suka kawo yau.

To, katako ba ya ɗaukar layi siriri sosai. A nan ne maƙeran zinariya da azurfa suka shigo, irin waɗanda mu muke kira maƙeran fari. Su dama sun daɗe da sanin yadda ake zana ado a jikin kofi ko kuben takobi ko kayan coci da ɗan ƙarfe mai tsini. Daga maƙerarsu aka gano cewa in aka cusa baƙi a cikin zanen, aka goge saman, aka danna takarda da ƙarfi, zanen zai tashi ya koma kan takardar. Watau aikin ya zama kishiyar na katako: a katako abin da aka bari a tsaye shi ke bugawa, a jan ƙarfe kuwa ramin da aka yanka shi ke riƙe tawada.

Bari mu ɗan tsaya a maƙerar mu ga yadda ake yi, don sai an ga wahalar za a gane dalilin rigimar da ta biyo baya. Da farko ana buge farantin jan ƙarfe da guduma har ya yi fele-fele, a goge shi da dutse da gawayi da mai har ya yi sheƙi kamar madubi, don ko ɗan ƙarzane aka bari zai fito a takarda. Abin aikin ɗan kurfi ne na ƙarfe mai tauri, tsawonsa bai wuce na hannu daga wuyansa zuwa yatsa ba, an wasa bakinsa a karkace ya yi tsini, gindinsa kuma da ƙotar itace mai kama da kan naman kaza, wadda ke zama daram a tafin hannu. Ba jan sa ake yi kamar alƙalami ba, tura shi ake yi gaba da tafin hannu, ƙarfen yana fita a gabansa yana nannaɗewa kamar zare. Farantin yana zaune a kan matashin fata cike da yashi. In ana son layi mai lanƙwasa, sai mai aikin ya riƙe kurfin wuri ɗaya, ya riƙa juya farantin da hannun hagu. In ya danna sosai layin ya yi kauri, in ya sassauta ya sirance. In hannu ya zame kuwa, to ranar ta ɓaci, don sai an kankare wurin, an juya farantin an bubbuga shi ta baya har ya daidaita, an sake gogewa.

Sa'an nan babu launi ko ɗaya a hannunsa. Baƙin layi ne kawai da farin takarda. Inuwa, da hasken fitila, da laushin gashi, da ƙyallin sulke, da tsufan fuska, duk da layi zai fitar da su: ya jera su kusa da kusa, ko ya gitta wasu a kan wasu, ko ya yi ɗige-ɗige. Daɗin daɗawa, komai a juye yake yin sa, dama ta koma hagu, rubutu ma daga baya yake yanka shi, don sai an buga zai miƙe. In an gama sai a ɗumama farantin, a cuccusa tawada mai kauri wadda aka haɗa da dafaffen mai da baƙin gari, a goge da tsumma, a ƙarasa da tafin hannu har saman ya yi tas, tawadar ta rage a cikin ramuka kawai. A ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a rufa da bargon ulu, a tura su tsakanin gungume biyu masu juyawa. Kowace warƙa sai an sake wannan hidima daga farko. Kuma jan ƙarfe yana da taushi, bayan 'yan ɗaruruwan bugu layukan sun fara cinyewa, hoton ya fara dusashewa. Don haka bugun farko ya fi na baya daraja, har yau kuwa haka masu tara irin waɗannan kaya suke sayensu.

Wani marubucin Italiya mai suna Giorgio Vasari ya ce wani maƙerin garinsu Fulorans, Maso Finiguerra, shi ya ƙago sana'ar wajen 1460. Kowa dai gidansu yake yabo. Gaskiyar magana, maƙeran kwarin kogin Rayin a Jamus sun riga shi da shekaru, tun wajen 1430 da 'yan kai suna yi, kuma akwai wani bugu a Balin mai ɗauke da shekarar 1446. Mutanen farkon nan ba su sa sunansu a aikinsu ba. Wani daga cikinsu, da haruffa biyu kawai aka san shi, E da S, waɗanda ya sa a wasu farantansa na ƙarshe.

Wannan E.S. ɗin shi ya nuna irin kasuwar da ke cikin abin. A ƙasar Siwizalan akwai wani gidan masu zuhudu da ake kira Einsiedeln, inda Kiristoci ke zuwa ziyara. A 1466 aka yi babban bikin cika shekara 500 na wani al'amari mai daraja a wajensu, jama'a suka yi dafifi, har an rubuta cewa an sayar da 'yan lambobin ƙarfe na shaidar ziyara 130,000 cikin mako biyu. E.S. ya sassaƙa hoton Nana Maryamu na wurin har kala uku: babba, da matsakaici, da ɗan ƙarami. Attajiri ya sayi babba, mai ɗan hali ya sayi na tsakiya, talaka ya ɗauki ƙaramin ya soke a aljihu, kowa ya koma gida da tsaraba daidai ƙarfinsa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kasa tsarabar alhazai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda kasuwa ta buɗe kuwa, ba a rasa mai wayo. Akwai wani maƙeri a garin Bocholt, Israhel van Meckenem, wanda ya rasu a 1503. Ya bar farantai fiye da 600, ya fi kowa yawa a ƙarninsa, amma mafi yawansu kwaikwayon aikin wasu ne. Ya mallaki tsofaffin farantan E.S. da suka cinye, ya sake bin layukan da kurfi, ya sa sunansa, ya ci gaba da bugawa. Bai tsaya nan ba. 'Yan Katolika sun yi imani da wani zango na azaba ta ɗan lokaci bayan mutuwa, kuma coci na iya ba da rangwame a kan wannan azaba ga wanda ya yi wasu addu'o'i. Israhel ya buga wani hoto da rubutu a ƙasa cewa wanda ya yi addu'a kaza a gabansa ya sami rangwamen shekara 20,000, alhali babu wata hukumar coci da ta ba shi izinin wannan alkawari. A wani farantin da aka kwaikwaya daga wannan, daga baya sai aka kankare adadin aka mayar da shi 45,000. Ka ji fa. Ƙarin gyara, kamar mai awon gero.

A daidai wannan lokaci kuma akwai mutumin da ya ɗaga darajar sana'ar, Martin Schongauer na garin Kolma, ɗan maƙerin zinariya, wanda ya iya fenti kuma ya iya kurfi. Farantansa wajen 116 ne, kuma kowanne yana ɗauke da haruffan sunansa, M da S, da 'yar alama a tsakani. Mafi shahara shi ne na Antoniyo, wani mai zuhudu na ƙasar Masar, aljanu sun sure shi sama, wani na jan gemu, wani na duka da kulki, wani mai ƙaya, wani mai ɓawon kifi, shi kuwa tsohon fuskarsa a natse kamar ba da shi ake ba. Takardar nan ta ƙetare duwatsu ta isa Fulorans, ta faɗa hannun wani yaro ɗan shekara 12 ko 13 mai suna Michelangelo, wanda daga baya ya zama gagarabadan masu zane na Italiya. Yaron ya kwaikwaye ta da fenti, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce har kasuwar kifi ya riƙa zuwa don ya ga launin ɓawo da ido. Allon da ake jingina masa yana wani gidan tarihi a Tekzas ta Amurka tun 2009. Allon fenti ba zai yi wannan tafiya daga Kolma ba. Takarda ce ake naɗewa a sa a jakar falke.

A 1492 wani saurayi daga Nurembag ya iso Kolma don ya ga Schongauer ya ƙaru, sai ya tarar rai ya yi halinsa tun 1491. 'Yan'uwan mamacin suka karɓe shi hannu biyu. Saurayin nan shi ne Albrecht Durer, wanda aka haifa a 1471, na uku cikin 'ya'ya 18 na wani maƙerin zinariya da ya yi ƙaura daga ƙasar Hangare ya zauna Nurembag. Watau shi ma ɗan baƙo ne a garin da aka haife shi. Ya fara koyon ƙira wajen ubansa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sa'an nan a 1486 ya koma wajen mai zane Michael Wolgemut. Ubangidansa na suna, Anton Koberger, shi ne babban mai maɗaba'a na Jamus a lokacin. Ka ga yaro ya tashi tsakanin maƙera da masu fenti da masu ɗab'i, kuma ya haɗa ukun.

Wanda yake son ya ga iyakar abin da kurfi zai iya, ya nemi hotonsa na 1514 na Jerom, malamin da ya fassara Baibul zuwa Latin. Faɗinsa bai kai na shafin wannan mujalla ba. Tsoho na zaune a ƙuryar ɗaki ya duƙufa yana rubutu, zaki da ɗan kare na kwance a gaba, ga ƙoƙon kan mutum a bakin taga, ga ƙaton duma rataye a rufi, hasken rana kuma ya ratso gilasan taga ya zana 'yan da'irori a jikin bango. Har jijiyar katakon rufin ana gani. Duk wannan da tsinin ƙarfe aka yi shi, layi bayan layi, a juye.

Amma Durer ɗan kasuwa ne kamar yadda yake gwani. Tun 1497 ya ɗauki dillalai masu yawo da hotunansa gari-gari. Mahaifiyarsa Barbara tana kasa su a kasuwar Nurembag, matarsa Agnes kuma tana kai su babbar kasuwar shekara ta Farankfut. Wani attajirin tufafi na Farankfut, Jakob Heller, ya ba shi aikin babban allon coci, suka yi ta ja-in-ja a wasiƙa a kan kuɗi, daga gulden 130 aka daidaita a 200, gulden kuwa shi ne kuɗin zinariyarsu. A 1509 Durer ya rubuta masa cewa shi kam ya gaji da irin wannan aiki, zai koma wa farantansa, don da su ya tsaya a kai da ya fi haka arziki da gulden 1,000. Shi wannan allo, tsakiyarsa ta ƙone a gobara a Munik a 1729. Hotunan takardar kuwa suna nan a gidajen tarihi na duniya. Da ya tafi ƙasashen Holan a 1520, da kayansa ya tafi, yana sayarwa, yana kyauta, yana biyan masauki da su, yana rubuta komai a littafin lissafi. A Antwap ya sayar wa wani ɗan sari manya 8 a gulden ɗaya, matsakaita 20 a gulden ɗaya, ƙanana 45 a gulden ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da tambarinsa: babban harafin A, da ƙaramin D a tsakanin ƙafafunsa. Mai saye a Benis ko a Antwap bai san fuskar Durer ba, tambarin ya sani, shi yake biya. To, a nan rigima ta tashi. Durer ya yi jerin hotunan katako na rayuwar Nana Maryamu. Wani saurayi ɗan Bolonya, Marcantonio Raimondi, ya same su a Benis wajen 1506, ya zauna ya kwaikwayi 17 daga ciki a kan jan ƙarfe, layi da layi, har da A da D ɗin bai bari ba. Vasari ya ce Durer ya kai ƙara gaban hukumar Benis, aka yanke cewa Marcantonio na iya kwaikwayon hoto amma kada ya ƙara sa tambarin. Masana ba su sami takardar shari'ar a ma'ajiyar Benis ba, kuma Vasari ya rubuta labarin ne a 1568, bayan shekara 60. Sai dai akwai shaida a kan farantan kansu: a kwaikwayon da Marcantonio ya yi daga baya na wani jerin hotunan Durer, ɗan allon da tambarin ke zama a kai yana nan, amma wayam, babu harafi.

Abin da babu shakka a kansa shi ne na gida. A 1511 Durer ya buga manyan jerin hotunansa a matsayin littattafai, ya sa gargaɗi mai zafi a ƙarshe ga ɓarayin wahalar wasu, yana sanar da su cewa Sarkin Sarakuna Maximilian ya ba shi kariya, wanda ya buga ko ya sayar da jabu a cikin daular za a ƙwace kayansa. Ko shekara ba a yi ba, a watan Janairu na 1512, sai ga wani baƙo yana kasa hotuna a gindin ginin majalisar Nurembag da tambarin Durer na ƙarya. Majalisar gari ta umarce shi ya cire tambarin daga dukkansu, in ya ƙi a ƙwace su a matsayin jabu.

Mai karatu zai lura cewa hukuncin nan biyu bakinsu ɗaya. Hoton kowa na iya kwaikwaya, tambarin ne ba a taɓawa. A ganina sun yi daidai da hankalin kasuwa na zamaninsu, ko da yake Durer ya so fiye da haka. Kwaikwayo ta nan kowane almajiri ke koyo. Shi kansa Durer a 1494 ya zauna ya kwafi hotunan Andrea Mantegna na Italiya da alƙalami don ya ƙaru. Kuma hoton Nana Maryamu da jaririnta ba wanda zai ce shi ya ƙago shi. Amma ka ɗora shaidar wani a kan kayanka, mai saye ya biya kuɗin wancan ya tafi da naka, wannan zamba ce a kowace kasuwa. Shi ma Marcantonio bai ƙare a mai kwafi ba. Ya koma Roma ya haɗu da babban mai zane Raphael, wannan karon da yardar mai abu: Raphael ya zana, shi ya sassaƙa, wani yaron Raphael da ake kira Baviera ya riƙe farantai da ciniki. Ta haka zanen Raphael ya zaga Turai. A 1527 sojoji suka wawashe Roma, Marcantonio ya yi asarar abin da ya tara, daga nan labarinsa ya dusashe.

Rigimar addinin da muka ambata ta iso tun Durer na da rai. A 1517 Martin Luther ya tayar da jayayya da cocin Roma, kuma a kan cinikin rangwamen azaban nan ya fara. Wasu daga cikin masu neman gyara suka wuce shi zafi, suka ce hotuna da gumakan coci bautar gumaka ce. An kwashe su daga cocin Zurik a 1524, an farfasa su a Basel a 1529, a 1566 kuma aka yi wa babban cocin Antwap kaca-kaca. Nurembag ta bi Luther a 1525. A garuruwan da suka juya, kasuwar hotunan waliyyai ta faɗi, masu kurfi da yawa suka koma yin hotunan manyan mutane da na ado da na labaran da. Durer ya rasu a 1528, gidansa yana nan a Nurembag an mayar da shi gidan tarihi.

Cocin Katolika kuwa, a babban taronsa na Trent a 1563, ya tabbatar da halaccin hotuna a wajensa, ya kuma ɗauke su makamin wa'azi. Abin mamaki, Antwap ɗin da aka yi fashe-fashe ita ta zama cibiyar wannan ciniki. Tun wajen 1548 wani mai suna Hieronymus Cock ya buɗe kamfanin buga hotuna a can, bayan rasuwarsa a 1570 matarsa Volcxken Diericx ta riƙe shi shekara 30, ta bar farantai wajen 1,600. A irin waɗannan kamfanoni an raba aikin uku, kuma aka saba rubuta suna uku a ƙasan faranti: wanda ya zana, wanda ya sassaƙa, da wanda ya buga ya sayar. Kowa da shaidarsa. Daga cikin gwanayen kurfi na garin akwai 'yan'uwan nan Wierix, waɗanda babban mai maɗaba'a Christophe Plantin ya yi kuka da su a wasiƙa, ya ce in sun yi aikin kwana ɗaya ko biyu sai su tafi mashaya su ƙarar da kuɗin, har su jinginar da kayan aikinsu, mai neman aiki ya je ya fanso su. Duk da haka hannunsu ne ya sassaƙa mafi yawan hotuna 153 na wani littafin rayuwar Annabi Isa da 'yan mishan na ƙungiyar Jesuit suka fitar a 1593, wanda suka yi ta ɗauka a jiragen ruwa har ƙasar Sin.

Ta hannun waɗannan 'yan mishan, da fataken Turai, takardun suka shiga ƙasar Hindu. A 1580 tawagarsu ta farko ta isa fadar Sarki Akbar na daular Mugal a Fatehpur Sikri, suka kai masa kyautar babban Baibul mai harsuna da yawa wanda Plantin ya buga a Antwap, da hotunan jan ƙarfe a cikinsa. Akbar da ɗansa Yarima Salim, wanda ya zama Sarki Jahangir, suna da sha'awar zane ƙwarai, suka sa masu zanen fada su nazarci waɗannan baƙin hotuna. A gidan Salim akwai wani yaro, Abul Hasan, ɗan wani mai zane Bafarise da ake kira Aqa Riza. Wajen shekarar 1600 ya sami ɗan ƙaramin hoton Durer na 1511, ya zaɓi mutum ɗaya daga ciki, Yahaya almajirin Annabi Isa, tsaye ya harɗe yatsunsa cikin baƙin ciki, ya kwafe shi da hannu har da naɗe-naɗen mayafinsa. Daga baya Jahangir ya ba yaron nan laƙabin Nadiruz Zaman. Takardar tana gidan tarihi na Ashmolean a Okusfod ta Ingila. Babu A da D a jikinta. Abul Hasan ya rubuta sunansa da na ubansa da Farisanci, da shekarar Hijira 1009, ya kuma ƙara da cewa yana cikin shekararsa ta 13.